Yadda Zuciyar Arzika Mahauci Ta Sauka Ƙafa

Arzika mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. A kasuwar Zuru aka san shi, cikin shekarun nan na bayan yaƙin Bama, lokacin da sojojinmu suka dawo gida da manyan takalma da labarai waɗanda suka fi takalman girma. Shi kam bai je ko'ina ba. Iyakar tafiyarsa Ribah, sai Wasagu sau ɗaya, da ya je ɗauko wani bijimi ya dawo yana cewa duniya ta yi masa faɗi da yawa.

Gajere ne mai jiki. Ƙirjinsa da cikinsa sun haɗe wuri ɗaya, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Takalmi kuwa bai taɓa sawa ba, don kaushin ƙafarsa ya fi fatar bijimi kauri.

Gurbinsa yana bakin kasuwa, ƙarƙashin tsamiya, daidai inda masu saukowa daga kan duwatsu ke shigowa da dawa da kaji. Duk wanda zai shiga kasuwa sai ya bi ta gabansa. Gungumen da yake sara nama a kai na ubansa ne, tsakiyarsa har ta yi rami don sara. To, mahautan wurin suna da ƙa'ida tun ta kakanni: gurbi ba ya zama babu kowa har kasuwa uku a jere. In ta uku ta ci mai shi bai zo ba, kuma bai aiko ɗansa ba, sai Sarkin Pawa ya ba wani. Arzika 'ya'yansa mata ne, duk suna gidajen mazansu. Akwai kuma wani mahauci, Lukuman, mutumin Ribah, wanda ya shekara shida a ƙarshen layi, cikin rana da ƙudaje, kullum idonsa na kan inuwar tsamiyar nan.

Kowane mahauci da abin da yake taƙama da shi. Wani fiɗa, wani tsire. Arzika shi zuciya ya sani. Ba ya sayar da ita sai ya tsaga ta a gabanka, ko kana sauri ko ba ka yi.

"Tsaya ka gani," zai ce. "Ɗaki huɗu ne. Biyu ƙanana bisa, biyu manya ƙasa, ga bango tsakani. Ga 'yan ƙyamare, har da zaren da ya riƙe su. Ka ga wanga babban bututu? Sa yatsanka. Mi ka ji ciki?"

"Babu komai."

"Yawwa. Shekara talatin ina buɗe shi, ban taɓa iske komai ciki ba. Hanyar iska ce. Zuciya zugazugi ce, irin ta maƙera. Ita ke hura iska cikin jiki don kada mutum ya mutu kamar wuta."

Babu wanda ya taɓa musa masa. Na ɗaya, shi ke buɗe zuciya kullum. Na biyu, wuƙa na hannunsa.

Wata ranar kasuwa bayan an gama yankan dawa, yana sara ƙashin wani bijimi, sai wani ɗan tsinken ƙashi ya yi tsalle ya faɗi ƙasa, ya taka shi. Ya shige masa gefen dunduniya, ta cikin faso. Bai ko ji ba. Bayan kwana huɗu, da hantsi, yana zaune a tsakar gida yana shan kunu, sai ya ji wani abu yana bugawa a idon sawunsa na hagu. Ya ajiye ludayi. Ya ɗora yatsa. Dum. Dum. Dum. Sai ya ɗora tafin hannu a ƙirji, ya jira. Shiru. Ya danna, ya matsa gefe, ya sake dannawa. Shiru dai.

"Asama'u!" ya kira matarsa. "Zo ki taɓa nan."

Ta fito daga madafa tana goge hannu. "Maigida, ai ƙafarka ta kumbura. Ƙaya ka taka."

"Ban ce ki duba ba, cewa na yi ki taɓa. Mi kika ji?"

"Wani abu na motsi."

"To, taɓa nan." Ya nuna ƙirji.

Ta taɓa. "Nan kam kitse na ji."

Arzika ya yi salati a hankali. "Ta sauka," ya ce.

"Wa ta sauka?"

"Zuciya. Ta tsinke ta faɗa ƙafa."

Asama'u ta fara dariya, sai ta ga fuskarsa, ta haɗiye. Shi kuwa ya riga ya gama tunaninsa, kuma tunani ne na mai sana'a. In ka rataye akuya ka tsaga cikinta, duk abin da ke ciki ƙasa yake nufa. Shi ga shi ya shekara talatin a tsaye daga safe har la'asar. Ko igiyar rijiya ce ai ta gaji. Kuma in zuciya tana cikin ƙafa, to duk takun da ya yi, a kanta yake.

Daga wannan rana Arzika bai sake sa ƙafar hagu a ƙasa ba. Ya sa aka kifa turmi, aka ɗora matashi, ya ɗora ƙafar a kai. Ya sa Asama'u ta lulluɓe ta da rigarsa ta salla, don kada sanyi ya kama ta. In rana ta yi zafi sai ta yi mata fifita. Ya hana a yi daka kusa da ita. Zakara ya yi cara kusa da turmin, ya ce a yanka shi, zai firgita ta. Salla a zaune yake yi. Yadda yake zuwa bayan gida kuwa, da ƙafa ɗaya a sama, wannan Asama'u ce kaɗai ta gani, kuma har ta tsufa in ta tuna sai ta riƙe ciki.

Kasuwa ta farko ta ci babu shi. Ta biyu ma haka.

Washegarin ta biyu, Sarkin Pawa Yari ya zo gidan da mahauta uku. Yari dattijo ne mai sanyin magana, tare suka tashi da uban Arzika. Ya zauna, ya gaida maigida, sannan ya gaida ƙafar ita ma, don bai san yadda ake yi ba.

"Arzika," ya ce, "ka san ƙa'ida. Ba ni na kafa ta ba, ba ni kuma zan rushe ta ba. In kasuwa mai zuwa ta ci gungumen ubanka babu kowa, ya tashi daga hannunka."

"Ranka ya daɗe, na sani. To in taka zuciyata in tahi kasuwa?"

Lukuman na cikin waɗanda suka zo. Ya matso da fuskar tausayi, har da girgiza kai. "A'a, Baba Arzika, kada ka soma. Zuciya ba abin wasa ba ce. Ka kwanta ka huta sosai. Ko wata uku ne. Ni na san wani a Ribah da tasa ta sauka, sai da ya shekara kwance."

Arzika ya dube shi sama da ƙasa. Wannan tausayin ne ya sa shi yanke shawara.

"Sarki," ya ce, "abin da ya gangara ƙasa, in aka juya mai shi, ai komawa zai yi. Ku rataye ni."

"Mu yi maka mi?"

"Ku rataye ni ta ƙafa, kamar akuya. In ta koma ƙirji, ku sauke ni."

Mahautan suka dubi juna. Da wasu mutane ne da sun ƙi. Amma su rataya aikinsu ne, kuma da suka auna maganar sai suka ga ba ta da wani rami. Aka aika aka ɗauko igiyar da ake kayar da shanu. Akwai wata ceɗiya a ƙofar gidan, aka jefa igiya ta kan reshe. Aka ɗaure shi ta gwiwoyi, aka naɗe masa riga a ƙugu don mutunci. Maza huɗu suka ja, har da Lukuman, wanda ya fi kowa ja.

Arzika ya tashi sama, kai ƙasa, yana juyawa a hankali. Hularsa ta faɗi. Mata masu dawowa daga rafi suka sauke tuluna suka tsaya.

"Ta taso?" in ji Yari.

"Ku dakata. Ku ɗan girgiza ni."

Suka girgiza shi. Fuskarsa ta fara cika, idanu suka yi ja, jijiyoyin goshi suka tashi ruɗu-ruɗu. Can sai ya ji bugu cikin kunnuwansa, dum, dum, dum, kamar ana kiɗa a cikin ƙoƙon kansa.

"Ta wuce!" ya yi ihu. "Ta wuce ƙirji ta faɗa kai! Ku sauke ni kafin ta fito ta baki!"

Suka sake shi da sauri fiye da yadda ya so. Da ya zauna ya huce, bugun kai ya lafa. Ya taɓa idon sawu. Dum, dum. Ta koma inda take.

Bai karaya ba. Ya ce kuskuren a fili yake: an juya shi da yawa ne. Abin da ake so shi ne gangare kaɗan, yadda za ta mirgino a hankali ta tsaya a ƙirji. Sai aka ciro ƙyauren ɗaki, aka ɗora gefe ɗaya a kan turmi, ya kwanta ƙafa sama kai ƙasa. Aikin Asama'u shi ne ƙara dutse ƙarƙashin ƙyauren ko cirewa, shi kuma yana ba da labarin tafiyar. "Ta iso gwiwa. A'a, ta koma. Ƙara dutse." Kwana huɗu suna wannan.

Ana gobe kasuwa ta uku, Asama'u ta yafa gyale ta ce za ta sayo gishiri. Ba gishiri ta nufa ba. Ɗakin magani ta je, wurin Kofur Haggai.

Haggai mutumin Dabai ne, Kirista, tsohon soja. A Bama aikinsa ɗaukar waɗanda suka ji rauni, daga nan ya koyi wankin miki da ɗauri, da ya dawo aka ɗauke shi diresa. Matarsa Saloma ta daɗe tana sayen zuciya a wurin Arzika, saboda haka Haggai ya sha jin labarin zugazugi a bakinta. Ya saurari Asama'u har ta gama, bai yi dariya ba, sai gashin bakinsa da ke rawa. Ya ɗauki jakarsa, ya biya ta mayanka ya karɓi zuciyar akuya ɗaya a ganye.

Ya iske Arzika kan ƙyaure, kai ƙasa.

"Mahauci, wane irin fareti ne wannan?"

"Kofur, ba lokacin wasa ba ne. Ta kusa cinya."

Haggai ya tsuguna, ya buɗe ganyen. Arzika ya karkato ido. "Wa ya yanko wagga? Dubi yadda ya guntule bututun. Lukuman ne. Ko a mafarki na san hannunsa."

"To kai da ka iya, gaya mini. In za ka ciro zuciya, faɗowa take yi da kanta?"

"Ina! Sai da wuƙa. Tana cikin jakarta, ga bututai sun riƙe ta ta sama, ga tantani ya tare ta ta ƙasa."

"Shekara talatin, ka taɓa feɗe akuya ka iske zuciya a ƙafarta?"

"Kofur, akuya da ƙafa huɗu take tsayuwa. Tata kwance take. Ni a tsaye nake."

Haggai ya sosa ƙeya, don bai shirya wa wannan ba. Sai ya kamo hannun Arzika, ya ɗora masa yatsu biyu a kan tsintsiyar ɗaya hannun. "Me ka ji?"

Idanun Arzika suka fito. "Ta zo hannu!"

"Bar yatsun nan. Uwargida, taɓa ƙafar. Tana bugawa?"

"Tana bugawa," in ji Asama'u.

"Biyu gare ni?"

Haggai ya kai masa yatsu gefen wuya. Dum, dum. Ya kai gaban kunne. Dum, dum. Ya kai idon sawun ƙafar dama, mai lafiya, ya laluba har ya samo. Dum, dum.

"Biyar," in ji Arzika. "Kofur, haihuwa ta yi?"

Nan kam Haggai ya kasa. Ya zauna daɓas a ƙasa ya yi dariya har hawaye. Da ya gama ya goge ido ya ce, "Ɗaya ce, mahauci. Tana ƙirji. Abin da kake ji a sauran wuraren nan jini ne. In ta matse sai ta tura jini cikin manyan bututan nan, turin ya bi su har yatsan ƙafa. Duk inda bututu ya matso kusa da fata, in ka sa yatsa za ka ji shi."

"Ƙarya ne," in ji Arzika, har ya manta ya ɗago kai. "Iska ke cikinsu. Ni ke buɗe su. Babu ko ɗigon jini."

"Yaushe kake buɗe su, kafin yanka ko bayan yanka?"

"Wane irin zance ne wanga? Bayan yanka mana."

"To jinin yana ina lokacin?"



"Yana ƙasa, a mayanka," in ji Asama'u daga wurin dutse. "Da kuma jikin rigarka. Ni ke wankewa."

"Kai ka zubar da shi da hannunka," in ji Haggai, "sannan ka leƙa ka ce babu kowa a gida. Gaya mini, in an sa wa sa wuƙa, yaya jinin ke fita? Zuba yake kamar ruwa daga tulu?"

"A'a. Tsartuwa yake. Ya tsarto, ya dakata, ya tsarto. Shi ya sa ake tsayawa ta bayan wuya."

"Wa ke tsarto shi?"

Shekara talatin Arzika yana kauce wa tsartuwar nan kowace safiya, bai taɓa tambayar wa ke turo ta ba. Ya miƙa hannu. "Ba ni wuƙa. Ba ni wagga zuciya."

Ya sauko daga ƙyauren, ya zauna, ƙafar dai a sama. Ya tsaga zuciyar yadda ya saba. Haggai na nunawa da tsinke yana bayani. Jinin da ya gama zaga jiki ya gaji, ya yi duhu, ta siraran bututai yake dawowa, ya shiga ɗakin bisa na dama, ya sauka na ƙasa. Daga nan a tura shi huhu ya sha iska, ya yi ja wur. Ya dawo ɗakin bisa na hagu, ya sauka na ƙasa, sai a tura shi jiki duka.

"Jini kala biyu kam na sani," in ji Arzika. "Na ɗauka wani na safe ne wani na jiya." Ya latsa bangon hagu da babban yatsa. "Wanga gefe ya fi kauri. Shi masu tsire ke so. Don mi?"

"Na dama huhu kawai yake aikawa, maƙwabci ne. Na hagu har dunduniyarka. Wanda ya fi aiki shi ya fi tsoka."

"Ƙyamaren fa?"

"Don kada jini ya juyo baya. Ya wuce, su rufe."

"Kamar bakin zugazugi," in ji Arzika da sauri.

"Kamar shi."

"To ai zugazugi ce! Abin da nake faɗa ke nan tun tuni!"

"Zugazugi ce, mahauci. Ta jini."

"Wannan ƙaramin bambanci ne," in ji Arzika.

Haggai ya ciro robar nan ta sauraron ƙirji daga jaka, ya sa wa Arzika a kunnuwa, ya ɗaga wani ninki na ƙirjin, ya cusa bakinta ƙarƙashi, ya danna. Arzika ya ƙame. Can cikin kitsen, a natse, wani abu yana ta aikinsa, bugu biyu-biyu.

"Tana nan," ya ce a hankali. "Duk wahalar da na sha ina nemanta, tana nan zaune. Mi ya sa take magana biyu-biyu?"

"Ƙyamaren ne ke rufuwa. Na tsakiya su rufe, na bakin bututu su rufe."

Saura ƙafa. Haggai ya yaye rigar salla, ya duba, ya ce miki ne ya tara mugunya, jini na ta zuwa wurin da yawa, shi ya sa bugun ya fi ƙarfi a nan. Ya wanke, ya ɗauko 'yar wuƙarsa. Arzika, wanda ya kayar da shanu ba iyaka, ya rufe ido ya kira sunan uwarsa. Da aka matse, sai ga ɗan tsinken ƙashi ya fito. Ya karɓa ya juya shi a tafin hannu.

"Na gane shi," ya ce. "Bijimin nan ne mai baƙin wuya. Tun yana da rai ba ya ƙaunata."

Da safe kasuwa ta fara cika. Lukuman ya riga ya iso ƙarƙashin tsamiya da namansa a ka, har ya share ganye, yana goge gungumen da gefen rigarsa. Sarkin Pawa Yari na tsaye yana duban hanya, yana ta jan lokaci da gaishe-gaishe. Sai aka ji wani irin taku daga nesa, ɗaya da ƙarfi ɗaya shiru. Ƙwas, shiru. Ƙwas, shiru. Arzika ne, da rabin akuya a kafaɗa. Ƙafar dama tsirara yadda aka san ta. Ta hagu da bandeji, cikin takalmin soja ƙwaya ɗaya da Haggai ya ara masa.

Ya sauke naman a kan gungumen ubansa. "Lukuman, sannu da shara. Allah ya yi albarka. Wancan mutumin naku na Ribah da ya shekara kwance, ka ce masa ya duba dunduniya."

Lukuman ya ɗauki kayansa ya koma rana.

Arzika ya ƙara shekara goma sha a gurbin nan. Bayanin zuciya bai daina ba, sai ma tsawo da ya ƙara, don yanzu sai ya kama tsintsiyar hannunka ya sa ka ji naka da kanka kafin ya ba ka nama. In aka tuna masa zancen iska sai ya ce shi bai taɓa faɗin haka ba, mutane ne ba sa saurare. Takalmin kuwa Haggai bai sake ganinsa ba.

Abu ɗaya ne ya sauya. Bai ƙara yini a tsaye ba. Ya sa aka sassaƙa masa kujera doguwa, da wata 'yar ƙarama a gabanta, yana sara nama a zaune, ƙafar hagu a ɗore. Saloma ta taɓa tambayarsa, ta ce ba Kofur ya nuna masa zuciya ba ta sauka ba?

"Ya nuna mini, na kuma yarda," in ji Arzika. "Amma shi ma akuya ya kawo mini. Babu wanda ya buɗe tawa ya ga ƙarfin igiyar."